Sanda Guda, Ƙwai Biyu da Agwagwa

Malam Labaran ya shekara talatin yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Talata Mafara. Da noman rani ya kankama a filayen Bakolori, manoma suka riƙa kawo masa har da janareta. Aikinsa duk a kan mita guda yake, wata 'yar rawaya mai igiya biyu, ja da baƙa, wadda ke faɗa masa inda wuta ta bi da inda ta tsaya.

Ran wata Talata wani manomin albasa daga Bakura ya kawo janaretansa. Labaran ya murɗa kan mitar, ya ɗora igiyoyin, sai ji aka yi tas! Hayaƙi ya fito. Ya ce wa mutumin injin ne ya yi ƙarfi. Ba gaskiya ya faɗa ba. Wurin da bai dace ba ya murɗa, don rubutun mitar ya daina ganuwa gare shi tun bara, kuma bai gaya wa kowa ba. Mai gyara in aka san idonsa ya tafi, wa zai sake miƙo masa kaya?

Da ya buɗe mitar, hancinsa ne ya kai shi wurin ƙunar. Rasista ce, 'yar abar da ke rage ƙarfin wuta, irin ta zamani, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, manne a kan fanel, wato allon cikin mitar, lambarta ta ƙone ƙurmus. Sai ya hau mota zuwa Maradun, ya aro mita irin tasa sak wurin tsohon abokinsa Ɗan Juma, don ya duba lambar a jikin mai lafiya.

Bayan Azahar ya zauna a tsakar gida da mitocin biyu a buɗe. Ya sa tabarau, ya ɗora madubin ƙara girma, ya juya wa rana. Hazo kawai yake gani. Matarsa Turai tana gefe tana tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Malam, miƙo in gani."

"Ke da ba ki san bihim ba a boko, mi za ki gani?"

"Ni dai ina ganin tsakuwa cikin tiya guda. Kai ko shekaranjiya buhun gawayi ka gaishe a zaure, har kana tambayar shi iyali."

Ya ajiye madubin, ya ce, "Ashe kin sani."

"Tun bara. Jira nike ka faɗa da bakinka."

Ya miƙa mata mitar Ɗan Juma, ya kama yatsanta ya kai kusa da inda igiyar ja ke shiga. Ta ƙura ido.

"Akwai sanda guda a tsaye. Sai ƙwai biyu. Sai wata aba kamar agwagwa a ruwa."

"Zana mini."

Ta baje shinkafar a faifai, ta zana su da yatsa, manya-manya. Ya sunkuya ya karanta: ɗaya, sifili, sifili, biyu.

"Ɗari, sai biyun ƙarshe ta ce a ƙara sifili biyu. Dubu goma ke nan," in ji shi. "Allah shi yi miki albarka."

Ya jawo kwalin matattun rediyoyi da cajojin waya. Turai ta bi fanel ɗaya bayan ɗaya tana neman mai irin wannan zane. Sau biyu tana cewa ta samu, sai ta ga agwagwar ta zama ƙugiya, ta ajiye. A na tara aka dace.

Ya sa ƙarfen liƙin dalma a garwashi, da ya yi zafi ya ciro rasistar daga tsohon fanel ɗin. Ita ta riƙe 'yar abar da hantsakinta na cire ƙaya, shi kuma ya kawo bakin ƙarfen tana yi masa jagora.

"Dama kaɗan. A'a, ka wuce. Yawwa, nan. Kada ka ƙona ni, tsoho."

"Hannuna bai taɓa ɓata ba."

"Hannun ai lafiya lau yake."

Da dalmar ta huce ya rufe mitar, ya ɗora igiyoyin a kan sabon batirin tocila. Lambobi suka fito baƙaƙe, manya, har shi ya gan su: ɗaya da rabi, da ɗan ɗori. Ya gwada da ta Ɗan Juma, duk ɗaya.

Ya daɗe riƙe da ita a cinya. Sannan ya ce, "Yau ta tashi. Gobe fa, in na sake murɗawa inda ba nan ba?"

Turai ta shiga ɗaki ta fito da tsakiyar murjani guda daga tsohuwar sarƙarta da ɗan gam. Ta sa ya nuna mata wurin gwajin wutar janareta, ta manna a daidai nan.

"Taɓa ka ji."

Ya shafa da babban yatsa, ya murɗa, ya dawo, ya same ta ba tare da ya duba ba.

"Masu ƙananan rubutu kuma ka riƙa kawowa gida," ta ce. "Amma asibitin ido za ka tafi Gusau, ba gardama."

"Sai bayan na gama da janaretan mutumin Bakura."

"Ran Laraba ke nan. Alhamis ni da kaina zan raka ka tasha."