Ganyen Bakin Yashi

Dakta Simeon ya juya abin da ke cikin wata roba da bakin biro, sannan ya ɗago kai ya dubi Munzali.

"Malam, wannan ya dahu ya zama miya. Babu mai iya gane shi. Ɗanye nake so, da karansa da saiwarsa."

Bayan labule Ummi ce kwance, 'yar Munzali mai shekara uku, an ɗaura mata ƙarin ruwa. Tun asuba take amai. Yanzu aman ya tsaya, amma likitan ya ce zuciyarta tana bugawa a hankali fiye da yadda ya kamata. Jiya da yamma uwarta Nazifa ta dafa ganyen da Munzali ya kawo daga Argungu, ta yi mata wanka saboda ƙurajen zafi, ta kuma ba ta kurɓi uku, kamar yadda ake yi wa kowane yaro a gidansu.

"In na san ganyen, na san abin da zan nema mata," in ji likitan. "In ban sani ba, lalube nake yi."

Nazifa ta biyo mijinta har bakin ƙofa, takalman yarinyar a hannunta.

"Baban Ummi, ka tambayi Inna mi ta ba mu. Na sha gaya maka idonta ya tafi. Wanda bai gani, ina shi ina tsinko ganye?"

Munzali ya tare keke zuwa tasha.

A motar Argungu an matse shi tsakanin taga da wani mai buhun irin albasa. Hanya ta miƙe, gonakin shinkafa suna wucewa, shi kuwa ranar Asabar yake gani. Ya je gaida mahaifiyarsa, ya ambaci ƙurajen Ummi. Inna Ummu Hani ta ce ya sauka fadama bayan gonarsu ya samo mai-gwiwa, siririyar, ya kawo mata ta taɓa kafin ya tafi da ita. Tun yana yaro yake ganin ciyawar a kwandonta, ya ɗauka ya san ta. Da ya isa sai ya tarar ruwa bai gama janyewa ba, ga taɓo har ƙauri, ga shi da farar shadda da takalmin zuwa ofis. A kan yashi, inda ƙasa ta bushe, ya ga wani tsiro mai sirarran ganye masu tsini. Ya tsinko. La'asar ta yi, yana gudun kada mota ta wuce shi, bai koma wurin Inna ba. Da ya iso Birnin Kebbi ya miƙa wa Nazifa ledar ya ce, "Ga saƙon Inna."

Ya tarar da Inna a zaune kan tabarma a inuwar rumbu, tana tsince wake a faifai da yatsu. Tun kafin ya yi sallama ta gane tafiyarsa.

"Munzali? Yau Litinin. Lahiya?"

Ya durƙusa ya gaya mata. Ta ture faifan gefe, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tambayi dalilin da bai kawo mata ganyen ta taɓa ba. Ta lalubi mayafinta.

"Kama hannuna. Kai ni inda ka tsinko."

Suka bi ta bayan gari, ya riƙe ta a gwiwar hannu. A bakin fadama ta tuɓe takalmi ta ce shi ma ya tuɓe. Taɓon yana da ɗumi a sama, da sanyi a ƙasa. Ta sunkuya tana shafa ciyayi kamar mai neman allura a shimfiɗa, har hannunta ya tsaya kan wani kara.

"Kawo yatsanka. Bi karan nan. Mi ka ji?"

"Kumburi."

"Ita ce gwiwar. Duk inda ganye ya hito akwai ta. Yanzu murza ta a hankali."

Ya murza. Wata fata mai laushi kamar ɓawon albasa ta zame daga jikin gaɓar.

"Wagga ita ce riga. Duk dangin mai-gwiwa da rigarsu, babba da ƙarama. In babu riga, ko mi ganyen ya yi kama da shi, ba ita ba ce."

Ta yi gaba, tana jan shi, tana magana a natse kamar yadda take koya musu wankin hannu suna yara. Ta nuna masa babbar, mai faɗin ganye, fara fat kamar an barbaɗa mata gari, mai laushin auduga. Ta nuna masa 'yar'uwarta koriya, wadda in an murza ganyenta yatsu suke yin danƙo da rawaya. Can inda ruwa ya kai idon sawu ta kamo ta ukun: kara ja-ja, ganye siriri, bakin rigar da 'yan gasu, fure kamar ƙaramin kan gero, ruwan hoda.

"Duba tsakiyar ganyen. Akwai baƙin tabo?"

"Akwai, Inna. A wasu."

"To ita na aike ka. Ƙirga ganyen. Ɗaya nan, ɗaya can sama, ba su haɗa kai. Karya ta."

Ya karya. Ruwa ne ya fito, garau, ɗan kaɗan.

"Yanzu kai ni wurin taka."

Taku goma sha biyu ne kawai daga nan zuwa yashin. Ya ƙirga su ba da niyya ba. Tsiron yana nan, da guntayen rassan da ya karya ranar Asabar, bakinsu ya bushe ya yi baƙi. Inna ta ɗora hannu. Yatsunta suka bi karan daga ƙasa har sama, sumul, babu inda suka yi tuntuɓe. Ta kama ganye biyu da suka fito daga wuri ɗaya suna fuskantar juna. Ta karya reshe, ta haɗa babban yatsa da manuni, ta raba su a hankali. Farin ruwa kamar nono ya yi zare tsakaninsu.



"Ko akuya ba ta cin wanga," ta ce. "Kurɓi nawa?"

"Uku."

Ta goge yatsunta a yashi, ta sake gogewa.

"Tumɓuke shi da saiwa. Ɗauki waccan ma, likita shi ga bambanci. Kada ka haɗa su leda ɗaya."

Ya ɗauki hoton tsiron da waya ya aika wa Nazifa ta nuna wa likita, amma saƙon ya tsaya yana juyawa, fadama ba ta da sabis. Ya kira, bai shiga ba.

A hanyar komawa gida Inna ta tsaya ta riƙe hannun rigarsa.

"Mi ka ce ma Nazifa ranar?"

"Na ce saƙonki ne."

"To bar shi hakanan. Ka ce ni na tsinko, idona ya ruɗe ni. Ni tsohuwa ce, kwana nawa ya rage a yi hushi da ni? Kai kuwa ɗaki ɗaya za ku kwana har ƙarshen rayuwa."

"Inna…"

"Tahi. Rana na yi."

Motar dawowa ta daɗe ba ta cika ba. Ya zauna da ledoji biyu a kan cinya, taɓo ya bushe a ƙafar wandonsa. Bayan sun fita gari saƙon ya tafi. Ya ga alamar an buɗe. Amsa ba ta zo ba. Ya kira sau uku, wayar tana ƙara har ta katse.

Ana kiran la'asar ya shiga asibitin. Nazifa tana zaune a kan benci a baranda, ba a ciki ba. Takalman Ummi suna kan cinyarta, ta jera su daidai. Ta ƙofar da ke buɗe ya ga an zuge labulen, an naɗe katifar gadon, sandar ƙarin ruwan tana tsaye ba komai a jikinta. Dakta Simeon ya fito, ya dubi ledojin, ya dafa kafaɗarsa.

"Sai haƙuri, Malam. Bayan azahar kaɗan. Mun yi iyakar abin da muka iya."

Munzali ya ce innalillahi. Ya zauna a ƙarshen bencin. Wata mata ta wuce da kwanon abinci, ta rage sauri, ta ce Allah ya ba da haƙuri.

Nazifa ba ta kuka. Idonta yana kan ledojin.

"Mi Inna ta ce?"

Ya kwance leda ta farko, ya fito da ciyawar mai jan kara, ya shimfiɗa a kan bencin tsakaninsu. Furen ya fara yaushi.

"Kawo yatsanki," ya ce. "Bi nan. Kin ji kumburi? Ita ce gwiwar. Wagga fatar kuma riga. Ita ce Inna ta aike ni in samo, ta ce in kawo mata ta taɓa."

Nazifa ta bi karan da yatsa har ƙarshe, ta tsaya.

Ya kwance leda ta biyu. Farin ruwan ya manne a jikinta, sai da ya ja. Ya ajiye tsiron kusa da ɗayan, ya daidaita su kai da kai.

"Wanga ba shi da gwiwa, ba shi da riga. Kan yashi yake, inda ba a ɓata takalmi. Inna ba ta taɓa shi ba sai yau."

Ya janye hannunsa ya ɗora a kan cinya.

"Ni na tsinko shi."