Bazarar Jizan

Hajiya Sa'adiya ba ta yarda da mutum da wuri, balle wanda ya zo neman Manar, 'yarta tilo. Duk unguwar Rusaifa da ke Makka an san ta. Ta sha ganin samari masu "aiki a wani gari", a bincika a tarar zaman kashe wando suke yi.

Shi wannan Bandar sunansa, haifaffen Makka, jikan Hausawa, Hausarsa kuwa sai a hankali. Wai a tashar jiragen ruwa ta Jizan, can kudu nesa da Makka, yake aiki, can zai tafi da amarya. Abin da bai sani ba, a Jizan Hajiya ta yi ƙuruciyarta.

Ta zuba masa shayi, ta kafe shi da ido.

"Yaya garin naku?"

Ya shiga lissafo mata: ga Bahar Maliya, ga tsibiran Farasan, ga duwatsun Faifa masu hazo, ga gonakin mangwaro. Ta taɓe baki. Wannan ai ko wayar hannu ta san shi.

"To, in zan je ganin 'yata, wane lokaci ya fi?"

Ya gyara zama yana murmushi, kamar dama tambayar yake jira.

"Bazara, Hajiya. Ki zo da bazara. Iska mai daɗi, ko'ina kore."

Bazara! A Jizan! Lokacin da iskar teku ke manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen zane, ka yi wanka ka fito kana gumi? Haba! Ko yaron goye ya san sai sanyi ya shigo ake zuwa Jizan. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Shanye shayinka ka tashi. Wanda ya kwana ɗaya a Jizan ba zai faɗi haka ba. Ba na ba maƙaryaci 'ya."

Ya buɗe baki, Hausar ta ƙare masa. Ya soma da Larabci, ta ɗaga masa hannu. Bawan Allah ya sa takalminsa ya fita.

Manar ta fito daga ɗaki a guje.

"Ummi, me ya yi?"

"Wai bazara! Na kama shi."

"Ni fa na koya masa!" in ji Manar. "Ya tambaye ni yadda ake faɗin kalmar Larabci rabi'i da Hausa, ƙarshen sanyi, lokacin da gari ke yin kore. Don ya faranta miki ya haddace. Ba shi ne bazara ba?"

Sai a lokacin Hajiya ta gane. Ita ce da kanta ta hana Manar yin Hausa tun tana ƙarama, don kada a yi mata dariya a makaranta. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya.

Ta ja mayafi, ta sauka matakala ba takalmi, tana ƙwala wa Bandar kira. Inda ya ajiye motarsa wayam, ya riga ya tafi.