Gaisuwa a Tsakiyar Tsere

Ba don kyauta na shiga tseren keken nan ba, don Sallau na shiga. Tebur ɗinsa na jikin nawa a layin mahauta na Talata Mafara, kuma tun bara da ya zo na ɗaya ya hana ni sakat. Kullum na ɗaura nama a keke zan tafi cin kasuwar ƙauye sai ya ce, "Abdulmumini, ka bi a hankali, kar kunkuru shi wuce ka." Yaran layi su kwashe da dariya. Na rantse bana sai ya ga ƙeyata.

Ƙungiyar matasa ce ta shirya abin. Ba kwalta, hanyar gonaki za a bi ta wajen Dosara a ƙare a Maradun, ga shi an kwana ana ruwa. Muna tashi laka ta fara cin mutane. Masu sababbin kekuna da hular kwano suka dinga zubewa a kwari, ni kuwa hanyar cin abincina ce, na san inda ƙasa take da ƙarfi. Kafin Dosara na bar kowa a baya, har da Sallau, ina jiyo shi yana tsine wa kacarsa.

Sai na hango farar riga a bakin gona, ƙarƙashin tsamiya. Mahaifin matata Husna ne, tsaye da sandarsa. A duk faɗin Zamfara, nan ya ga dama ya tsaya!

Yaya zan yi? Ban taɓa wuce surukina a kan keke ba, kuma wanda ya yi hakan, maganar za ta riga shi isa gida. Na taka birki, na jingine keke, na tuɓe takalma, na durƙusa a cikin taɓo.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ina gida? Ina ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara, Baba."

Shi kuwa tsohon nan ba ya gaisuwar sauri. Ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro kan kasuwa da tsadar shanu. Ina amsawa ina jin ƙarar taya a bayana, raina kamar ya fita. Sallau ya wuce, ya watsa mini laka a wuya, har da ɗaga hannu: "A gaishe da Baba!" Wasu suka biyo shi, har wani mai ƙaton ciki da na baro yana tura kekensa.

Da hanya ta yi tsit, tsohon ya bi bayansu da kallo, ya dawo da idonsa kaina, fuskarsa a ɓace.

"To wai kai mi yat tsaishe ka?"

"Gaisuwa, Baba."

"Gaisuwa? Husna ta aiko man cewa kai ka cin tseren ga. Tun da sahe nike nan tsaye in ga ka wuce su, har na hwaɗa ma mutanen gari. Yanzu mi za ni ce musu?"

Ina nan durƙushe a taɓo, kuma ba halin in tashi sai ya sallame ni.