Farar Rigar Agogo

Malume Wyson, ƙanen mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi. Washegari da safe, an riga an shimfiɗa ganyaye a kan hanya gabas da yamma da gidanmu, alamar makoki, masu keke suna sauka su tura idan sun iso, ni kuwa ina bayan ɗakin girki ina hura gawayi a dutsen guga. Kakata, Agogo NaChisale, ita ta ce in goge mata farar rigarta. Ina tsoron kada in ƙona rigar, ina kuma tsoron abin da za ta yi da ita.

Shekara ashirin da shida Agogo tana shugabantar zumuntar mata a cocinmu. Farar riga, farin kallabi, baƙin siket. Ana sa su ranar Alhamis ta zumunta, da ranar jibin Ubangiji, da ranar jana'izar ɗan ikilisiya. Sawa ta ƙarshe kuwa ba mace ce ke yi wa kanta ba, domin a cikinsu ake binne ta.

Malume ba ɗan ikilisiya ba ne. Shekara bakwai ke nan da dattawa suka cire sunansa saboda kachasu, barasar da yake dafawa a bayan gonar ayaba, wadda yake sha fiye da yadda yake sayarwa. Irinsa mata ba sa sa fari a jana'izarsa, ba a yi masa waƙa, ba a ɗora furanni a kabarinsa. Dattijo ɗaya zai yi gajeriyar addu'a, a tura ƙasa. Ba wanda ya kai Agogo sanin wannan. Ita ce ta hana mata sa fari shekara uku da suka wuce, lokacin da ɗan maƙwabciyarmu NaJere ya mutu a irin wannan hali, kuma tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa ta da NaJere.

Tun da yanar ido ta rufe wa Agogo gani, ni nake karanta mata Littafi Mai Tsarki. Da yammacin Talatar ta janye ni daga cikin masu kuka, ta ce in nemo mata duk inda aka ambaci wuta. Na nemo. Ina karantawa, ita kuma in na kai ƙarshe sai ta ce in sake.

Da na gama gugar na kai mata. Ta shafa wuyan rigar da yatsunta, ta ninke ta a hannu, sannan ta dafa kafaɗata ta ce in kai ta gindin mangwaro. Can ne wurin maza. Uwar mamaci ba ta fita can, zama take a ɗaki kusa da gawa.

A gindin mangwaron, Abambo Mwale kafinta yana goge allunan akwati. Shi ɗan cocin masu sujada ranar Asabar ne. Kusa da shi a kan benci Abambo Kamwendo, dattijon ikilisiyarmu, wanda zai yi addu'ar tunda fasto yana wani ƙauye. Tare suka yi makarantar firamare, kuma ban taɓa ganin sun haɗu ba su yi gardama ba. Mun tarar sun riga sun fara.

Abambo Mwale yana cewa wutar can kamar wutar gona ce bayan girbi, ta cinye karan masara, in ta rasa abin ci ta mutu. Wai Allah mai ƙauna ba zai riƙe ran mutum har abada don kawai ya gasa shi ba.

“Ko akuyar da ta cinye mini wake bara,” ya ce, “wuni ɗaya na ɗaure ta a rana, zuciyata ta kasa. Kai kana so ka ce na fi Allah tausayi?”

“Kai mutumin Asabar, ranar hutu ma ka ɓata lissafinta, ina kai ina lissafin har abada? Goge katakonka.”

Mazan da ke wurin suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Abambo Kamwendo ya ci gaba da cewa har abadan da aka yi wa masu rai alkawari shi ne aka yi wa masu wuta, wanda ya gajarta ɗaya sai ya gajarta ɗayan. Ya ce sau huɗu dattawa suka je wurin Wyson, kowane zuwa ya ba su kujera, ya ba su ruwa, ya ce sai ranar Lahadi. Allah yana kira, ba ya jan mutum da igiya kamar saniya. Kuma in babu wuta, ina za a kai waɗanda suka zubar da jinin bayin Allah suka mutu a kan katifa mai laushi?

A nan suka lura da mu. Wani ya tashi ya ba Agogo kujerarsa, ta ƙi zama.

Abambo Mwale ya ajiye abin aikinsa, ya rage murya, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ɗanta ba ya shan azaba, barci yake yi, ranar shari'a kuma abin na ɗan lokaci ne, shi ke nan ya ƙare.

“Wata tara na ɗauke shi, Mwale. Yanzu in yi murna zai zama toka?”

Ta juya inda take jin numfashin dattijon.

“Kamwendo, kai zan tambaya. In na shiga can ina waƙa, shi yana ƙonewa, zan sani ko ba zan sani ba?”

Ya ce mata Allah zai share mata hawaye, ba baƙin ciki a can.

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. In na sani ban damu ba, to ba ni ba ce. In kuma an mantar da ni na taɓa haihuwarsa, wace tsohuwa ce aka shigar? Ni da zunubina, sau nawa na ɗauko yaron nan daga bakin hanya, na wanke masa amai, na dafa masa kunu. Ban gaji ba. Shi da ya yi ni, shi ne zai riga ni gajiya?”

Abambo Kamwendo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana juya ta. Da ya yi magana, muryar ba irin ta mimbari ba ce. Ya ce mahaifinsa ma bai yi baftisma ba har ya mutu, mutumin da bai taɓa cin nsima, tuwon masararmu, ba sai ya leƙa ya ga ko maƙwabci ya samu. Shekara talatin yana ɗauke da tambayar nan. Ya kira ta Amayi, wato uwa.

“Ban sami amsa ba, Amayi. Amma ba ni da ikon goge abin da aka rubuta don yana yi mini zafi.”

Sannan ya dubi rigar da ke hannunta. Ya ce in ta sa, dole ya kai maganar gaban dattawa, wata shida ba jibin Ubangiji, shugabanci kuma ya tafi. Ta ce ta sani, da bakinta ta taɓa gaya wa wata haka.

Sai ya gyara zama, kamar wanda ya hango 'yar hanya. Ya ce akwai abu ɗaya. In Wyson ya tuba kafin ya cika, ko ya nemi addu'a, ko ya kira sunan Yesu a gaban shaida, to ikilisiya za ta karɓe shi, mata su sa fari, a yi waƙa har makabarta. Wa ke wurinsa a lokacin?

Ni ce. Mahaifiyata ta tafi rijiyar burtsatse, Agogo tana tsince wake a waje.

Duk suka juyo suna kallona. Ni da ko a aji malami ya kira sunana sai harshena ya yi nauyi. Na ji yatsun Agogo sun ƙara nutsewa a kafaɗata. Abambo Kamwendo yana dubana da wani irin ido, kuma har yau ina ganin roƙona yake yi. Kalma ɗaya ce. Ba wanda zai ƙaryata ni. Har na ji waƙar a kunnena, wadda mata ke yi a hankali idan an ɗaga akwati.

“Tiyamike, faɗi abin da ya ce,” in ji Agogo.

Na ce ya nemi ruwa, na ba shi. Ya ce in kori kaji daga masarar da aka shanya. Na fita na kore su. Da na dawo ya tafi.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Abambo.”

Dattijon ya mayar da hularsa. Abambo Mwale ya koma kan katakonsa, ba wanda ya sake tsokanar wani. A hanyarmu ta komawa ɗaki ina kuka ba sauti, Agogo ta ce in share fuskata, da na yi ƙarya da ta ji a kafaɗata.

Da azahar aka shigo da akwatin. Aka sa Malume a ciki, mata suna zaune sun miƙe ƙafafu, kowa da zanen gida. Agogo ba ta sa rigar ba. Ta lallaɓa da hannu har ta sami gefen akwatin, ta nemi ta ɗaga kansa, ta kasa da hannu ɗaya. NaJere ce ta taso daga kusurwa ta ɗaga mata shi. Agogo ta sa farar rigar a ƙarƙashin kansa, ta ɗora kallabin a kai, ta daidaita gefensa yadda take yi wa nata goshin.

Abambo Kamwendo yana tsaye a bakin ƙofa da murfin, shi da kafinta. Ya gani.

“Amayi, kin san wannan ba ya buɗe wa kowa ƙofa.”

“Na sani.”

“Ke kuma da me za a binne ki?”

“Da zanen da ke jikina. In an tambaye ni ina rigata, zan faɗi inda na bar ta.”

Na zuba ido in ga ko zai ce a cire. Doka ta hana sawa, ban san me ta ce game da wannan ba, ina jin shi ma bai sani ba. Sannan ya sunkuya ya daidaita murfin da kansa, ya miƙa wa Abambo Mwale hannu ya karɓi guduma.

Muka tafi makabarta ba waƙa. Ban taɓa sanin hanyar tana da tsawo haka ba, ana jin takun kowa a kan busasshen ganye. A bakin kabari dattijon ya yi addu'arsa gajeriya kamar yadda aka tsara. Bai faɗi inda Wyson yake ba. Ya ce kawai ga shi sun kawo shi, Mai shi ya fi su saninsa. Samari suka fara tura ƙasa.

Da za mu juyo na miƙa wa Agogo kafaɗata kamar kullum, na tarar NaJere ta riga ta riƙe mata hannu. Na bi su a baya. Da muka zo daidai wani kabari da ciyawa ta rufe, ba furanni, ba gicciye, na ji Agogo tana tambaya ko nan ne ɗan NaJere yake. NaJere ta ce nan ne. Suka tsaya.