Dalma Ba Ta Shiga Gidan Lirwanu

Dodo maƙeri ya janye buhunan gawayi, ya zaro bindigogi uku daga ƙarƙashinsu, ya jera a kan tabarma. Biyu dogaye ne. Ɗayar ba ta kai kamu guda ba.

"Zaɓa mini, Likita," in ji Lirwanu. "Kai ka san su."

Ni ba likita ba ne. Haɗa magunguna na karanta a Indiya, na dawo na buɗe ɗan shago a ƙauyenmu na ƙasar Anka. Bindiga kuwa sau ɗaya na taɓa riƙe ta, a can, a wani fili da ake harbin takarda da kunne a toshe. Na ba Lirwanu labarin wata rana, tun daga nan na zama masani a wurinsa. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ya girme ni nesa. Yana aiki a injin niƙa dutsen zinariya da ke hayin rafi.

"Doguwar ta hi kai nesa," in ji Dodo.

"Doguwa ina zan ɓoye ta? Soja su gan ni su ce ɓarawon daji, ɓarayin daji su gan ni su ce ɗan sa-kai. Wagga dai, da ka shiga cikin riga."

Na ɗauki gajerar na juya ta. Bututun ƙarfe ne da ƙotar icen marke. Harsashi ɗaya take ci, sai an karya ta a sake ɗurawa.

"Yaya Lirwanu, wannan ba ta kai ko bakin layi. Su kuma ba mutum ɗaya suke zuwa ba, kuma tasu ba ta hutawa."

"Na sani."

"To mene ne amfaninta?"

"Kai in sun zo, mi kaka yi?"

"Gudu."

"Hahiza hwa?"

Na miƙa masa bindigar. Ya ba Dodo tunkiyarsa a bakin kuɗinta, muka fito da bindigar da harsashi cikin gwangwanin madara.

Hafiza 'yarsa ce, ita kaɗai ta rage masa. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu, ina makarantar kwana. Lokacin a cikin gida ake daka dutsen zinariya, a turmin da ake daka hatsi, yara na rarrafe a ƙurar. Lirwanu da matarsa Asma sun binne maza biyu a damina ɗaya. Hafiza na goye, ta yi ta jijjiga, ta rayu. Yanzu ta zama budurwa a jiki. Ƙafarta ta hagu ja take yi, maganarta ba ta wuce kalma biyar ba, kuma duk abin da ta tsinta bakinta take kai shi. A watan da muka je wurin Dodo, 'yan bindiga sun kwashe mata a rijiyar ƙauyen da ke gaba da mu. Waɗanda suka tsira masu gudu ne.

Gwaji ya zama matsala. A nan, in aka ji harbi ɗaya, gari yakan watse, mata su bar tukwane a wuta. Don haka muka riƙa zuwa bayan injin, a wani tsohon ramin haƙa, mu jira a tada shi. Idan ya fara cin dutse, ko kiran salla ba a ji. Na jera gwangwanaye a bakin ramin, na nuna masa abin da na tuna: ware ƙafa, riƙe da hannu biyu, kada ka rufe ido.

Ya harba. Ƙura ta tashi can gefe, gwangwani bai motsa ba.

"Ya tsorata dai," in ji shi. "Ka ga yadda yay yi tsit?"

"Ka rufe ido."

"Likita, shekara nawa ina kallon ƙura? Idona shi ka ruhe kainai."

Sai a fita ta huɗu ko ta biyar ya samu gwangwani. Ya ɗauko shi yana leƙa hudojin, yana dariya kamar an yi masa haihuwa. Harbi dai bai iya ba har ƙarshe. Tsayuwar ce ya iya. In ya ware ƙafa ya miƙa hannu, sai ka rantse tsohon soja ne.

Wata rana da hantsi na ji ihun Asma ta kan katanga. Na shiga ba sallama. Ta danne Hafiza a tsakar gida, yatsunta cikin bakin yarinyar, tana ƙwaƙulowa. Harsashi ɗaya ne ya faɗo daga aljihun Lirwanu. Hafiza ta tauna jan kwanson har ya fashe. Asma ta buɗe tafinta. Ƙananan ƙwayoyi ne masu launin toka, jiƙe da miyau.

"Malam Bashir, mine ne wanga?"

Ta riga ta sani. Na ce, "Dalma ce."

Ta juya ga mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ƙasar gidanga kankare ta anka yi da shebur, anka zubo muna sabuwa. Ka tuna? Shekara goma sha ba ka shigo min da ko takalmin aiki ba. Can kaka wanka, can kaka canza tuhwa. Yau kai da hannunka?"

"Don ita na sawo, Asma."

"Don ita."

Na duba bakin Hafiza, na ce ba ta haɗiye ba, in ma ta haɗiye ɗaya zai fita. Na ce harsashi a rufe ba kamar ƙura ba ne, a sa shi a sama inda hannunta ba ya kaiwa.

"Haka anka ce muna da dutse," in ji Asma. "Wai dutse ne kawai. Bindiga ta zauna, ƙarhe ce. Wanga ba shi kwana inda ɗiyata take."

Na ce a ajiye gwangwanin harsashin a gidanmu. Innata ta ji ta kan katanga, ta ce in na shigo da shi in nemi wata uwar. Ita ma ta binne jika a waccan damina. Duk layinmu ƙa'idar ɗaya ce, kuma ba wanda ya rubuta ta.

Lirwanu ya samo tsakiya. Da rana gwangwanin yana rataye a rumfar injin, tare da kayan aikinsa. In ya taso da magariba ya zo da shi, ya cusa a wani rami a bayan katanga ta waje, da safe ya mayar, don da rana Hafiza a ƙofar gida take wuni.

"Ai da duhu suka zuwa," in ji shi.

Da azahar suka zo.

Ranar Talata ce, dawa ta yi kai. Lirwanu ya dawo cin abinci, ya wanke jikinsa a hayi kamar kullum, ya cire takalmi a ƙofa. Ina zaure ina kwance kwalin magani na ji babura. Babur ɗin gari ɗaya-ɗaya yake zuwa. Waɗannan da yawa ne, kuma ba sa rage gudu. Sai harbi daga wajen masallaci, sai ƙafafu. Innata tana biki a Anka, ni kaɗai ne a gidan. Na fito zan bi mutane.

"Likita!"

Yana tsaye a ƙofarsa ba takalmi, bindigar a hannunsa. Na dubi hayin rafi, inda gwangwanin harsashin ke rataye. Ta can baburan suka ɓullo.

"Babu komai a cikinta," na ce.

"Su ba su sani ba. Katangar baya. Asma ba ta iya ɗaga ta ita ɗai."

"Ka zo mu ɗaga ta tare."

"Su shigo su iske mu bisa katanga? Tahi, Bashir!"

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Babura uku suka karyo kan layinmu, kowane da mutum biyu. Lirwanu ya fita tsakiyar hanya, ya ware ƙafa, ya miƙa hannu biyu. Ya daka tsawa yana kiran sunayen mutanen da ba sa nan: "Hamisu, ka riƙe dama! Auwal, bari su matso!" Na ga na gaba ya taka birki, baburin ya zame. Suka diro suka laɓe a bayan rumbun maƙwabta. Iyakar abin da na gani ke nan.

Hafiza tana tsakar gida da kwanon tuwo, ta ƙi saki. Asma ta hau turmi ta haye katangar, na ɗaga yarinyar, tana da nauyi, tana dukan kaina da kwanon. Ƙafarta ta maƙale a saman katanga. Muryar Lirwanu tana nan tana raba wa mutanen da babu su aiki. Na tura, Asma ta ja, suka faɗa tare. Na dira, na goya Hafiza, muka shiga dawa. Mun yi nisa sosai kafin su gane shi kaɗai ne. Da suka gane, na ji harbin. Asma ma ta ji. Ba ta tsaya ba, ta dai sa hannu ta toshe bakin Hafiza.

Da la'asar muka fito. Sun kwashe shanu, sun fasa shaguna har da nawa, sun tafi da mata huɗu daga bakin kasuwa. A layinmu ba su shiga gida ko ɗaya ba sai nasa, suka tarar da kwanon miya.

Yana jingine da katangarsa, da ransa. Sun harbe shi a ciki da cinya. Bindigar sun ɗauke. Na yaga rigata na ɗaure abin da zai ɗauru. Na san abin da nake gani.

"Tana ina?"

"Tana nan. Ko ƙwarzane babu."

"Sun tsaya ko?"

"Sun tsaya."

"Ban ruhe ido ba, Likita."

Muka samu babur ɗaya da aka ɓoye a cikin kara. Mai shi ya tuƙa, Lirwanu a tsakiya, ni a baya na rungume shi. Hanyar Anka duk ramuka ce. Yana ta salati, sannan ya koma cewa ruwa, sannan kansa ya kwanta a kafaɗar mai tuƙin. Mun hango eriyar waya ta Anka na ce a tsaya. Na taɓa wuyansa. Na ce a juya.

Maza sun taru a ƙofar gida, an aika a haƙa kabari, an ɗora ruwa. Muka sauke shi a kan tabarma, mutum huɗu muka kama. Asma na tsaye a bakin zaure, ta tare hanya. Idonta a bushe.

"Malam Bashir. An cire mai harsashin?"

"Ba mu kai asibiti ba."

"Shina cikin jikinai ke nan."

"Yana ciki."

Ta dubi tsakar gidan ta bayanta, inda Hafiza ke zaune a ƙasa tana wasa da murfin kwano. Ta daɗe tana dubawa. Muna tsaye riƙe da tabarmar.

"Ku shigo da shi," in ji ta. Ta matsa gefe.

Da muka wuce, na waiga. Takalminsa na nan inda ya cire shi da azahar, masu gudu sun shure ɗaya zuwa tsakiyar hanya. Asma ta fita ta ɗauko, ta karkaɗe, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa a wajen ƙofa.