Jan Shafi a Kan Motar Ustad Zarwali

Ranar da Ustad Zarwali ya ɗora motarsa a intanet, burauza, manhajar shiga intanet, ta kira shi mugu. Duk wanda ya je saukewa sai shafi ya rine ja jawur, da gargaɗi ɓaro-ɓaro: haɗari, wannan fayil zai cutar da kwamfutarka.

Ƙarya ce. Babu komai cikin fayil ɗin sai babbar motar kaya guda ɗaya, wadda ake ƙarawa cikin wasan tuƙin nan da direbobin tashar Pir Wadhai suka haukace a kansa. Dawisu biyu a ƙofa, tsaunuka a gefe, sarƙoƙi suna reto a ƙasa, sai sunansa can a gindin marfin bayan motar, inda kowane mai fenti yake sa nasa. A sana'arsu, in ka sa suna ka ɗauki nauyi ke nan. Fenti ya ɓare, ko bayan shekara biyar ne, kai za ka gyara, ba gardama. Shekara talatin Zarwali yana yi wa motocin gaske ado a kan wannan ƙa'ida, kafin ya faɗo daga tsani, gwiwa ta tashi aiki, likita ya hana shi hawa. Ƙanin matarsa Shafqat, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha, shi ya koya masa zane a na'ura. Wata biyar suka yi a kan motar nan.

"Lala, ba cewa suka yi ka sa cuta ba," in ji Shafqat, yana tura masa kofin shayi. Lala yake ce masa, wato yaya. "Na'urar ce ba ta san ka ba. Fayil sabo ne, ba hatimin kamfani, ga kuma ɗan abin nan da muka haɗa da yake shigar da motar cikin wasa da kansa saboda direbobin da ba su iya ba. Shi take tsoro. Akwai takardar da ake cikewa, su duba, su cire."

"Kwana nawa?"

"Sati biyu. Wata biyu. Allah masani."

"In zauna in roƙi wanda bai taɓa riƙe buroshi ba ya shaida cewa ni ba macuci ba ne? Daga nan har Karachi ka tare kowace mota ka leƙa bayanta, ka ga sunan wa ke nan. Su waye su?"

"To mu cire ɗan abin."

"Ko ƙusa ba zan cire ba. Ɗauko wayarka."

Nan cikin shagon, da rana tsaka, ya sa Shafqat ya ɗauke shi bidiyo. Ya gyara gashin baki, ya nuna jan shafin da yatsa. "Kun ga wannan? Maƙaryaci ne. In kun ga ja, ku danna nan, ku sake danna nan, ku wuce abinku. Ni Zarwali na ce."

Direbobi suka so maganar fiye da motar ma. A wurin mai paratha, wainar fulawarsu, in wani ya zuba barkono da yawa, sai a ce danna ka wuce, Ustad ya ce. Har ta kai in fayil ya sauka lami lafiya ba ja, sai su ce wannan ba na Ustad ba ne. Zarwali yana zaune yana jin su, yana shafa gwiwa, ransa fes. Shafqat kuwa ya sake ɗauko zancen takarda sau biyu, sau biyun ana ce masa ya je ya gyara wayoyinsa.

Ran nan da hantsi Fazal Dad ya shigo shagon rungume da kwamfuta kamar mai ɗauke da mara lafiya. Tsohon direba ne, mota ɗaya gare shi, ita ma Zarwali ne ya yi mata fenti.

"Ustad, sabuwar motarka ta kashe mini wannan."

"Wace sabuwa? Ɗaya na yi."

"Mai damisa. Da sunanka a baya. Ja ya fito, na danna na wuce, yadda ka ce."

Shafqat ya buɗe, ya duba. Wani ne can ya kwafi motar, ya manna damisa, ya cusa cuta ta gaske a ciki, ya ɗora a wani shafi da sunan Zarwali. Duk abin da ke cikin kwamfutar ya lalace.

"Wasa ba ya damuna," in ji Fazal Dad. "Hotunan Karamat ne. Nan kaɗai suke."

Karamat ƙaninsa ne, motarsa ta faɗa kwari a hanyar Gilgit shekara uku da suka wuce, ya rasu.

"Chacha, wannan ba fayil ɗinmu ba ne," Shafqat ya fara, yana ce wa Fazal Dad kawu da harshensu. "Mu namu..."

"Rufe baki," in ji Zarwali. "Sunan wa ke baya?"

"Na bogi ne, Lala!"

"Bakin da ya ce a danna fa, shi ma na bogi ne?"

Ya juya wajen Fazal Dad. "Gobe ka kawo motarka, ka wanke marfin baya. Karamat ya sha shayina ya fi sau ɗari. Ba na buƙatar hoto."

Kafin ya fita ya sa Shafqat ya sauke motar daga intanet, da bidiyon, duka. Shafqat ya ce ai yanzu ne ya kamata a cike takardar, a wanke suna.

"Nawa fayil ɗin tas yake, jiya da yau. Ƙarya burauzar ta yi mini, kuma ba zan roƙe ta ba. Tun da ba ta iya bambance ni da ɓarawo, ta zauna da ɓarayinta. Goge."

Washegari Zarwali ya jingina tsani a bayan motar Fazal Dad. Matarsa ta biyo shi har tasha tana faɗa, ta ce likita bai hana shi don wasa ba. Ya ce ta riƙe masa gwangwanin fenti ko ta koma gida. Ta riƙe, tana ci gaba da faɗan.

Kwana tara yana hawa yana sauka. Fuskar Karamat ta fito sannu a hankali, da hular nan tasa a karkace, da tabon da ke gefen gira, da haƙorin gaba da ya gutsure. Direbobin da suka taru ba wanda ya yi barkwancin danna ka wuce. Ran na tara Fazal Dad ya tsaya ya kalla, ya rufe fuska da gefen mayafinsa.

Zarwali ya tsoma ƙaramin buroshi cikin jan fenti, ya rubuta sunansa a gindin marfi, manya-manya, sun fi na kullum girma. Da ya zo sauka ƙafar ta ƙi. Mutum biyu suka sauko da shi.

Aikin wata biyar ya tafi, ba a sake ganin motarsa cikin wasan ba. Gwiwar kuma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Da sanda yake zuwa tasha yanzu, ƙafa ɗaya a miƙe kamar itace.