Tulunan Ladan Baba

Tun kafin kwalara ta shigo Kanyin Gon, duk wanda ya kwanta ciwo ko ya mutu a ƙauyen, Zeya ake kira. Shi ke riƙe da kwalekwalen ƙungiyar taimakon juna, mai ɗan injin nan da sai an lallaɓa shi kafin ya tashi. Ya kai masu naƙuda asibitin Pyapon, ya kwaso waɗanda maciji ya sara a gonakin shinkafa, ya ɗauki gawa a kafaɗa har kafaɗar ta yi kanta. Ba mai biyansa, shi ma bai taɓa tambaya ba. Abu guda yake so, kuma kowa ya sani: ranar da U San Nyein, dattijon da ke riƙe da ƙungiyar, zai naɗa jagoran samari, a kira sunan Zeya.

Da ambaliya ta janye ta bar tafkunan sha a gurɓace, sai amai da gudawa suka fara kayar da mutane gida-gida. Daga gari aka aiko a ba da saurayi ɗaya mai karatu ya je a koya masa aikin tsafta. Aka tura Wunna, ƙanin Zeya, wanda ya gama sakandare yake gyaran waya a kasuwa. Zeya ne ma ya kai shi a kwalekwale. Shi ya je ya ɗauko shi kuma, ya same shi a mashaya, inda kwalekwale ke tsayawa a bakin kogi, sanye da falmaran mai ruwan lemo, lasifika a rataye a wuya, ga kwalayen sabulu da ƙwayoyin tsabtace ruwa jibge a gabansa.

A zauren gidan sufaye, wurin ibadar mutanen garin, gaban duk ƙauye, U San Nyein ya ce daga yau Wunna ne jagoran samari a wannan aiki, shi zai zagaya ƙauyukan da ke gangaren kogi. Zeya kuma zai riƙa tuƙa shi. Aka yi tafi. Zeya ma ya yi, sai dai bai ji ƙarar nasa tafin ba.

Haka aka fara. Wunna ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar tsamiya yana koya wa mata wanke hannu, har da 'yar waƙa da ya haɗa wa yara, su yi ta dariya suna murza kumfa. Zeya yana zaune cikin kwalekwale yana kwashe ruwan da ya tsiyayo, yana kallo. In an gama, wani ya fito da marar lafiya a kan ƙyauren ƙofa, nan kuma aikin Zeya ne. Shi aman ke zuba wa a ƙafa. Da yamma su dawo, Wunna yana ƙamshin sabulu, Zeya yana warin da kare ma ke kauce masa.

Mai shayin mashaya bai bar shi ya huta ba. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Kai Zeya, yau ina za a kai maigida?" Masu zaman benci su kwashe da dariya. Zeya ya yi murmushin yaƙe ya ja igiyar inji. A ransa yana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na gida ya fi ci masa rai. Mahaifiyarsu, Daw Pyone, takan wanke falmaran ɗin da hannunta, ta shanya shi a igiyar gaba inda masu wucewa za su gani, ba a ta baya inda ake shanya zannuwan da Zeya ke ɗaurawa irin na mazan ƙauyen ba. Wajen cin abinci kan kifi ya koma kwanon Wunna. In maƙwabta sun zo, labarin auta take yi musu, yadda nas ɗin gari ta yabe shi.

Abu ɗaya ya rage wa Zeya wanda ba a raba shi da kowa: tulunan ƙofar gida. Tuluna uku ne na ƙasa a kan ɗan dandamali mai rufin ganyen kwakwa, a bakin hanyar mashaya. Mahaifinsu ya kafa su don mai wucewa ya sha. Tun da ya rasu, Zeya ke cika su kowace safiya daga tafkin gidan sufaye, duk maƙogwaron da ya jiƙe ladan ya tafi ga marigayin. Daw Pyone takan ɗora furen yasmin a kan murafan. An san ruwan wurin da sanyi da daɗi har a ƙauyukan ƙetare.

Wunna ya ce duk tulunan sadaka na ƙauye sai an sa musu ƙwaya, a kuma cire moɗar da kowa ke kai wa baki, a sa ludayi mai dogon hannu kowa ya zuba a nasa kofin. Ya ce daga gida za a fara. Daw Pyone ta ce to. Zeya ya tabbata da shi ya zo da wannan magana, da ta ce ya fita mata daga ido.

Wunna ya miƙo masa ledar ƙwayoyin ya ce, "Yaya, tunda kai ke cikawa, kai za ka riƙa sakawa. Ɗaya-ɗaya a kowane tulu, ka bari ta narke."

"Na gode, malam. Da hannun dama ake sakawa ko da hagu?"

Wunna ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Ranar farko wani masunci ya tsaya ya kurɓa, ya furzar a gefen hanya, ya ce ruwan ƙofar Daw Pyone ya koma ruwan wankin asibiti. Tana tsaye a baranda ta ji. Washegari ba ta ɗora furanni ba. Da Zeya ya tambaye ta, sai ta ce wane lada ne zai isa ga mamaci daga ruwan da ake tofarwa.

Wannan maganar ya kwana da ita, ya tashi da ita. Da safe ya ɗebo ruwa ya cika tulunan, ya ɗauko ledar, ya tsaya. Tafkin gidan sufaye a kan tudu yake, ya ce wa kansa, ambaliya ba ta hau can ba. Wannan ruwan suka sha suka girma. Ya mayar da ledar cikin gwangwanin sifanonin kwalekwale. Ludayin dai ya bar shi a rataye, don kada a lura.

Ruwa ya dawo da daɗinsa. Masu wucewa suka koma tsayawa. Daw Pyone ta ɗanɗana ta dube shi da mamaki, ya ce mata ai ya gano dabara, in aka bar tulu a buɗe iska ta sha shi, warin yakan fita. Ta dafa kafaɗarsa ta ce hannun babansa gare shi. Ranar kan kifi ya faɗo a kwanonsa. Ya ci shi a hankali, har ƙashin ya tsotse, yana satar kallon ƙaninsa.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne Wunna ya fi kowa murna. Babbar matsalarsa a ƙauyuka ita ce tsofaffi sun ƙi ƙwayar saboda wari. Yanzu ya samu hujja. Ya shiga faɗa a lasifika duk inda suka je, cewa a zo ƙofar gidansu a ɗanɗana, yayansa ya nuna magani ba ya ɓata ruwan lada. Karon farko ke nan da sunan Zeya ya fita ta lasifikar nan, kuma ya ji daɗinsa har cikin ƙashi.

Wata rana da hantsi Wunna ya taho da tsofaffi masu gardama har gaban tulunan. Ya zuba a kofinsa ya shanye suna kallo, ya ƙara. Zeya yana tsaye a gefe riƙe da jarkar man inji. Maganar ta zo masa har baki. Amma in ya faɗa, a gaban waɗannan mutane zai faɗa, da mai shayi a cikinsu, kuma a gaban mahaifiyarsa da ke baranda tana murmushi. Ya haɗiye. Ya ce wa kansa tafkin a kan tudu yake.

Ba a daɗe ba nas ɗin da ke kula da zauren gidan sufaye, wanda aka mayar wurin jinya, ta sa aka kewaye tafkin da igiya. Ashe masan da ke bayan ɗakin girki ya cika ya ɓalle tun lokacin ruwan sama, yana tsiyaya ciki. Kafin labarin ya gama zagaya ƙauye, Wunna ya kasa tashi daga bayan gida.

Zeya ne ya goya shi. Bai taɓa sanin ƙaninsa ba shi da nauyi haka ba. Idanun sun zurma, fatar yatsu ta yamutse kamar ya wuni a cikin ruwa. Aka kwantar da shi a gadon nan mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, nas ta yi ta laluben jijiya kafin ta samu ta ɗaura masa ƙarin ruwa. A gadon da ke kusa akwai ɗaya daga cikin tsofaffin da suka zo ɗanɗano.

Da ya koma gida ya ɗauko zane ya fito, ya tarar da Daw Pyone a gaban tulunan. Ta ɗaga murfi ta sunsuna, ta ɗaga na biyu. Ba ta juyo ba ta yi magana.

"Babu wari saboda ba a sa komai ba. Ko ba haka ba, Zeya?"

Ta mayar da murfin ta sake tambayarsa.

"Ladan wa kake nema da wannan?"

Ita da kanta ta tuntsurar da ruwan, ta kife tulunan ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi zanen daga hannunsa ta wuce gidan sufaye. Ba ta faɗa wa kowa ba. A gida ma ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai ta ajiye masa shinkafa da daddawar kifi a rufe ta fita.

Wunna ya sha da ƙyar. Tsohon ma ya tashi. Da bakin Wunna ya buɗe, abin da ya fara faɗa wa masu dubiya shi ne laifinsa ne, wataƙila ya fito daga gidan marar lafiya ya ci wani abu bai wanke hannu da kyau ba, kowa ya ɗauki darasi a kansa. Mata suka yi ta share hawaye. Aka cika gefen gadonsa da ɗanyar kwakwa da ayaba. Babban sufi da kansa ya sauko ya tsaya a kansa. Zeya yana bakin ƙofa da bokitin da zai zubar, yana jin kunya tana cin sa, kuma a ƙarƙashin kunyar tsohon abin nan yana nan bai motsa ba. Ko laifin ma yaron nan ya ƙwace ya mayar abin ado. Da shi ne a kan gadon, ya sani, kwakwa biyu ba za ta taru ba.

U San Nyein ya same shi a mashaya ya miƙa masa falmaran da lasifika, ya ce aiki ba zai tsaya ba, ya riƙe kafin yaron ya warke. Ba taro, ba tafi. Falmaran ɗin ya matse shi a hammata, maɓallin ya ƙi haɗuwa. Mai shayi ya leƙo ya ce yau maigida da direba duk mutum ɗaya ne, an huta da rabon kujera.

Kafin Zeya ya tashi ya biya ta wurin Wunna. Yaron ya kama hannunsa ya ce kada ya yi wa tsofaffi tsawa, ya fara gaishe su, ya tambayi jikoki. Zeya ya ce ya ji.

Ƙauyen farko a gangare, wata tsohuwa mai suna Daw Ngwe ta tare gaban tulunanta da tsintsiya a hannu. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ce wannan rigar ba tasa ba ce. Ya ce ta ƙaninsa ce. Ta ce to ƙanin nasa ya yi mata alkawarin irin maganin gidansu, marar wari, in ba shi ya kawo ba ya koma da abinsa.

Zeya ya dubi lasifikar da ke wuyansa, ya cire ta ya ajiye a kan dandamali.

"Inna, babu marar wari. Duk ruwan da kika ji ba wari, ba a sa masa ba ne. Namu ma ban sa ba, shi ya kwantar da Wunna."

Tsohuwar ta tauna ganyen da ke bakinta, mai rina baki kamar goro, ta tofar da jan yawu gefe. Ta ce ashe shi ne babban banzan gidan. Ya ce shi ne. Ta matsa ta ba shi hanya, amma ta ce sai ya sha a gabanta kafin jikokinta su taɓa. Ya jefa ƙwayoyin, ya zauna a kan dugadugansa yana jiran su narke, ita kuma ta zauna a kan turmi tana lissafa masa halayen Wunna: ladabi, fara'a, ga murya. Ta ce ko ya iya waƙar wanke hannun. Ya ce bai iya ba. Ta ce ta sani, da ganin fuskarsa.

Da lokaci ya yi ya zuba ya shanye kofi guda. Warin ya hau masa hanci har idonsa ya kawo ruwa. Daw Ngwe ta karɓi ledar ta soke a ƙugu, ta tambaye shi yaushe ƙaramin zai dawo bakin aikinsa.

Zeya ya ce da safe ya bar shi a zaune yana shan kunun shinkafa, ba zai daɗe ba. Ya ɗauki lasifikar ya nufi gida na gaba.